Jirgin robar garinmu: doguwar ƙafa, sitiyari, da jar igiyar da aka naɗe

Garinmu yana bakin kogin Neja, ƙasa da Yauri kaɗan, daidai inda kogin ya fara buɗewa ya zama tafkin Kainji. Idan damina ta yi nisa hanyar mota takan yanke, ƙauyukan da ke kan gungu kuwa ko da rani ba su da wata hanya sai ta ruwa. Mace ta kwana tana naƙuda, ko maciji ya sari manomi a fadama, sai an tashi mai jirgi daga barci, an nemo fetur, an yi ciniki, kafin a kama hanyar asibiti a Yelwa. Tun bayan hatsarin Warra na ranar 26 ga Mayu 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga Lokon Minna ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a yankin Ngaski, ƙungiyarmu ta ci gaban gari ta fara maganar mallakar jirgin gaggawa wanda ba zai jira cikar fasinja ba. Ni ne sakataren ƙungiyar, kuma kusan duk kuskuren da za a karanta a nan da hannuna a ciki, tunda ni nake rubuta abin da aka yanke, ni kuma nake riƙe rasit.

Wani ɗan garinmu da ke aiki a Fatakwal shi ya aiko mana da jirgin, a cikin manyan jakunkuna biyu, bisa motar kifi da ta dawo wayam. Jirgin roba ne da ake hura wa iska, tsawonsa mita 3.8. Yana da ɗakunan iska uku a jiki, da wani siririn ɗaki a ƙarƙashi wanda yake ba cikinsa tsini, da daɓen alminiyum da ake harhaɗawa, sai allon katako a baya inda ake maƙala inji. A jikin allon akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar abin da zai ɗauka: inji mai ƙarfin doki 25, mutum 6. Ranar da aka hura shi a bakin ruwa yara suka raɗa masa suna balan-balan. Wani dattijon Basarke ya zagaya shi sau biyu, ya danna da yatsa, ya ce ƙayar kurungu ɗaya ta ishe shi. Aka yi dariya.

Inji bai zo da shi ba. Muka yi karo-karo muka sayi Yamaha Enduro mai doki 15, na hannu, irin wanda kowane bakanike daga Yauri har Zamare ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Mun duba fulogi, mun ja igiya ya tashi a ja na biyu, mun ga yana tsartar da ruwan sanyayawa ta ɗan ramin baya. Tsawon ƙafarsa ne babu wanda ya tambaya a cikinmu, don ba mu san ma akwai abin tambaya a wurin ba.

Matuƙin da muka zaɓa ba baƙon ruwa ba ne. Saurayi ne da aka haifa, a ce, a cikin kwale-kwale. Yana kallon launin ruwa ya gaya maka zurfinsa, ya san inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun rufe madatsar Kainji a 1968 suke laɓe. Amma tun fitar farko abin ya ƙi daɗi. Yana murɗa totur sai hancin jirgin ya ɗaga sama har na gaba ya daina ganin gabansa, bayan ya nutse, ruwa ya riƙa fallatsowa daga gefen ƙafar injin yana zuba a ciki. Gudu babu. Kwale-kwalen katako mai irin injinmu, ɗauke da buhunan shinkafa, ya zo ya wuce mu, masu shi suna ɗaga mana hannu. Ga shi kuma jirgin ba ya tafiya miƙe: iska ta ɗan kaɗa, hancin ya karkace.

A taron da ya biyo baya aka rabu gida biyu. Wasu suka ce injin ne ƙarami, a sayar a ciko a sayi mai doki 40 irin na manyan jiragen kasuwa. Wasu kuma suka bi maganar wanda ya aiko da jirgin, wanda ya ce mana ta waya duk jiragen gudu da yake gani a Fatakwal sitiyari gare su kamar mota, wannan tuƙin hannu shi ke sa jirgin rawa. Shugabanmu ya fi karkata ga sitiyari, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma ya burge ni. Na hango jirginmu da sitiyari da kujera yana shiga tashar Yauri. Aka ce in nemo farashi.

Ban kai ga nemowa ba abin ya faru. Wata safiya ce cikin hunturu, hazo bai gama washewa ba. Matuƙin ya kai ma'aikaciyar rigakafi wani gungu, yana dawowa shi kaɗai, ina tsaye a mashigi ina jiransa da kuɗin mai. Na hango shi tsaye a bayan jirgin, kamar yadda duk matuƙan kwale-kwale suke yi, hannu ɗaya a kan hannun inji, yana leƙen gaba ta saman hancin da ya ɗaga. Sai na ji ƙara, kaf, ƙafar injin ta daki wani abu a ƙarƙashi. Hannun injin ya fizge, jirgin ya juya wuri guda kamar an murɗa wuyan kaza, yaron ya yi sama ya faɗa ruwa. Injin bai mutu ba. Jirgin ya shiga zagaye, fanko, yana kuka, kuma kowane zagaye ta kan inda yaron yake yake biyowa. Sau biyu ina ganin kansa ya nutse jirgin ya wuce ta samansa. Ban san lokacin da na shiga ruwa har gwiwa ina salati ba. Dattijon nan da ya yi maganar ƙayar kurungu yana kusa a ƙaramin jirginsa. Ya auna zagayen, ya watsa birginsa a kan hanya, farfela ta haɗiye ragar, injin ya shaƙe ya yi shiru. Yaron ya fito da yanka a ƙafa, ba mai zurfi ba. Rigar kariyarsa tana cikin jirgin, a ninke, ƙarƙashin tankin mai.

Washegari muka ɗauko bakanike daga Yauri, wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran injinan jirgi, ya kuma taɓa aiki da masu binciken kifi da ke amfani da irin wannan jirgi a tafkin. Bai buɗe murfin injin ba ma. Ya zaro awo daga aljihu, ya auna allon baya daga sama zuwa ƙasan jirgi: inci 15. Ya auna injin daga maƙalinsa zuwa faffaɗan farantin nan da ke saman farfela: inci 20 da ɗoriya. Ya dubi shugabanmu.

"Ranka ya daɗe, wa ya saya muku wannan?"

Aka dube ni.

"Malam sakatare, injinka lafiya lau yake. Wandon babba ka saya wa yaro."

Ga bayanin yadda ya yi mana shi. Injinan nan ƙafa iri biyu ake yi musu, gajera ta allon inci 15, doguwa ta allon inci 20. Jiragen katakonmu bayansu da tsayi, shi ya sa doguwar ta cika kasuwa, har mutane suka ɗauka ita kaɗai ce. Ƙa'ida kuwa ita ce farantin nan na saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan sauka da kamar faɗin yatsa. Aikinsa ya hana farfela zuƙo iska daga saman ruwa. Namu ya nutse da kusan santimita 13 fiye da inda ya kamata. Wannan ƙarin ƙafar da ke cikin ruwa birki ce: tana jan jirgi baya, ita ke watso ruwan da ke shigo mana, kuma da yake farfelar tana turi daga can ƙasa, sai ta zama kamar mai ɗaga dutse da dogon ƙarfe, tana cusa bayan jirgi ƙasa tana ɗaga hanci. Kututturen da yaron ya daka, in ji shi, ya sha wucewa ta kansa a jirgin katako, ya san zurfinsa. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙafarsa ta yau ta fi zurfin da idonsa ya saba aunawa daga bakin allo.

Daga nan ya sunkuya ya nuna mana wata ƙusa da ke ratsa maƙalin injin, mai ramuka a jere. Ita ke tsayar da kwanciyar ƙafar. In tana ramin da ya fi kusa da allo, hanci yakan kwanta. In aka matsar da ita waje, hanci ya ɗaga. Tamu tana ramin waje, yadda mai injin na farko ya bar ta. Wato ciwo biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya. Na uku shi ne lodi: tanki mai lita 25, matuƙi, injin kansa da ya haura kilo 35, duk a cikin taku biyu na ƙarshen jirgin da mutum huɗu suke ɗagawa cak. Jirgin katako bai damu da wannan ba, nauyin jikinsa ya fi ƙarfin inda mutum ɗaya ya tsaya. Jirgin roba kuwa inda ka zauna ma tuƙi ne.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi ba ni kunya, don famfon da aka aiko da shi yana da geji, muka cire muka ajiye a ofis kada yara su lalata. Da yatsa muke aunawa. A bakin kowane bawul an rubuta 0.25 bar, wato awon ƙarfin iskar da ake so a ciki, da ya maƙala gejin bai kai rabin haka ba. Jirgin da iskarsa ta gaza yakan lanƙwashe a tsakiya in inji ya tura, daɓen ya riƙa motsi, allon baya ya riƙa rawa, duk juyin da ka yi sai ya makara kafin jirgin ya amsa. Rabin rawar da muke ɗora wa tuƙin hannu daga nan take. Amma ya gargaɗe mu kada mu koma ɗaya gefen. Iskar da aka hura da sanyin asuba, in aka bar jirgin a kan yashi cikin ranar Afrilu, kumbura take. Daga baya na yi lissafin da kaina: in zafin iskar ciki ya tashi daga digiri 25 zuwa 55, abin da ke 0.25 zai kusa 0.38, ƙarin rabi ke nan a kan ɗinkin da gam ne ya riƙe shi, gam ɗin kuma zafi ke sassauta shi. Inda allon katako ya haɗu da roba nan ne ya fi saurin ɗayewa. Don haka a cika shi bayan ya ɗan zauna a ruwa, a rage in za a fito da shi tudu, a kuma yi masa rumfa.

Da ya zo kan hannun injin sai ya yi shiru. Akwai wata jar igiya mai lanƙwasa kamar wayar tarho ta da, an naɗe ta tsaf a jikin hannun an ɗaure, bakinta na maƙale a ƙarƙashin maɓallin kashewa. Ya kira matuƙin, wanda ke zaune gefe da bandeji.

"Ɗana, wannan ta mece ce?"

"Baba, makulli ce. In babu ita ba ya tashi."

"To ɗaya bakin fa?"

Yaron bai amsa ba. Ɗaya bakin a jikin matuƙi ake ɗaura shi, a cinya ko a rigar kariya, yadda in ya faɗi igiyar za ta fizge bakin da ke ƙarƙashin maɓalli, injin ya mutu nan take. Ku je kowace tasha a bakin kogin nan ku duba, za ku ga yawanci a naɗe take a jikin inji, don kada ta ɓata. Ga kuma ɗan notin da ke riƙe totur, an ɗaure shi tamau don hannu ya huta a doguwar tafiya, shi ya sa da yaron ya saki, injin ya ci gaba da cin wuta. Notin da ke sa wuyan injin ya yi ɗan tauri wajen juyawa kuma a sake yake sarai. Farfela tana juyawa gefe ɗaya ne, in ba a riƙe ba sai ta karkatar da injin har ƙarshe, jirgi ya kama zagaye. Dogon jirgin katako zagayensa da faɗi, kuma a hankali. Wannan gajere ne marar nauyi, zagayensa bai fi faɗin tsakar gida ba, wanda ya faɗo kuma yana ciki.

Ban ga laifin yaron ba, kuma na faɗi haka a taro. Duk abin da ya yi daidai ne a jirgin da ya sani. Tsayuwa a baya ita ke ba matuƙin kwale-kwale ganin hanya. Mu ne muka ba shi wata dabba daban muka ce ai duk jirgi jirgi ne.

Shugabanmu bai saki maganarsa ba. Ya ce to ai da akwai sitiyari da hannun bai fizge ba, da yaron yana zaune a kujera. Bakaniken ya ce wannan gaskiya ne, kuma ya ƙara masa da wata: sitiyari yana kai matuƙi tsakiyar jirgi, nauyi ya koma gaba, hanci ya kwanta. Sai dai ya lissafa abin da ke biye. Sai an kafa akwati a daɓe wanda zai riƙe sitiyarin. Sai an ja kebul mai kauri daga nan zuwa injin, kebul ɗin kuma ba ya son lanƙwasa mai tsanani, a jirgi gajere kamar wannan da ƙyar zai sami wurin kwanciya. Sai an sayo ƙarfen da zai haɗa shi da wuyan injin. Tunda matuƙi ya bar wurin inji, totur da giya ma sai an yi musu nasu akwatin da nasu wayoyi biyu. Injinmu kuma da igiya ake tayar da shi, wato duk mutuwar da zai yi a tsakiyar ruwa sai matuƙi ya tsallake fasinja ya koma baya.

Abin da ya kashe maganar a wurina ba kuɗin ba ne, wurin ne. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a cikin jirgin, na sa ƙanena ya kwanta kamar marar lafiya, na ajiye kwali inda akwatin sitiyari zai zauna. Ƙafafunsa ba su sami wurin miƙewa ba. Jirgin da muka nema don mai naƙuda zai koma jirgin da mai naƙuda ba za ta iya kwanciya a ciki ba. Akwai kuma abin da dattijon Basarken ya kawo, shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba: ya tambaya sau nawa ake murɗa shi kafin inji ya juya daga wannan gefe zuwa wancan. Aka ce sau uku ko huɗu. Ya ce kututture ba ya jiran uku. Da hannu, motsi ɗaya ne. Kuma in ciyawa ko kainuwa ko ragar kalli ta naɗe farfela, abin da ke faruwa kusan kowace fita, wanda ke zaune kusa da inji shi zai kashe, ya ɗaga ƙafa, ya warware. Ni dai ra'ayina, sitiyari na jirgi ne mai ƙasan roba mai tauri, wanda ya haura mita huɗu da rabi, mai injin da ya fi ƙarfin a riƙe da hannu. Waɗanda ɗan'uwanmu yake gani a Fatakwal ke nan.

Masu son doki 40 ba su sha dogon bayani ba. Farantin da ke jikin allon baya ya ce 25. Nauyin mai 40 ya kusa ninka namu, allon da gam ya riƙe ba zai daɗe da shi ba.

Saura yadda za a yi da ƙafar. Kafinta ya ce zai ƙara wa allon tsayi da katakon maɗaci da ƙarafa biyu. Ana yin haka, amma bakaniken bai so ba, don ƙarin inci 5 a sama yana ƙara wa injin ƙarfin murɗa allon, a daidai wurin da muke tsoron ɗayewa. Muka zaɓi musaya. Ta ɗauki kusan wata biyu, jirgin yana rumfa, mutane suna ta magana, kafin a sami wani mai gajeriyar ƙafa da ke fama da ita a jirgin katako, farfelarsa kullum tana zuƙar iska. Injinsa ya fi namu tsufa, amma duk da haka sai da muka yi ciko, saboda ragar birgin nan ta yanke robar da ke tare ruwa a bayan farfelar namu; da aka kwance man giya ya fito fari kamar kunun gyaɗa. Sabon namu kuma sai da aka canza masa robar famfon ruwa. Mun biya dattijon birginsa. Da farko ya ƙi karɓa.

Ranar gwaji bakaniken ya zaunar da matuƙin a kan robar dama, hannun hagu a kan hannun inji, jar igiya a cinya. Aka kai tanki gaba aka ɗaure, aka mayar da ƙusar rami na biyu daga ciki, aka ɗaura injin kansa da igiya a jikin jirgi ko da maƙalinsa zai kwance. Ya ƙara wa notin wuya tauri kaɗan, ya sassauta na totur yadda in an saki zai koma da kansa. Ya ce a wurin kututture a bar sakatar ƙafa a buɗe, don in ta daki abu ta yi tsalle sama maimakon ta fizgi allo, amma a rufe kafin a sa giyar baya. Mu uku ne a ciki. Yaron ya murɗa, hancin ya ɗaga na ɗan lokaci, sai ya kwanta, jirgin ya hau saman ruwa, ƙarar injin ta sauya, ruwan da ke bayanmu ya miƙe fari. Na ga yaron yana dariya shi kaɗai.

Da mutum biyar ba ya hawa. Mun gwada, mun matsar da mutane gaba, mun sa farfela mai ƙaramin taku wadda ta fi jan kaya, ya ɗan fi, amma marar lafiya da masu rakiya biyu da ungozoma da matuƙi sun fi ƙarfin doki 15, sai dai a tafi a hankali ana tura ruwa. Dokar da muka rubuta ta ce mai rakiya ɗaya, kuma ita ce dokar da aka fi karyawa, don babu matuƙin da zai iya cewa uwar mai naƙuda ta sauka. Matuƙin ya ƙirƙiro wani bututun roba da yake zura wa hannun inji ya ƙara tsawo, don ya matsa gaba in shi kaɗai ne. Mun yarda a buɗaɗɗen ruwa kawai, tunda daga can hannunsa ba ya kaiwa giya. Man da ake haɗawa kuma, rabin lita na baƙin mai a lita 25 na fetur, yanzu a gabana ake aunawa.

Maganar sayen mai doki 25 mai gajeriyar ƙafa tana cikin ajandar taron bayan girbi. Shugabanmu ya sa na rubuta sitiyari a ƙarƙashinta, a matsayin abu na biyu.